Yaran da ke komawa kafin suna

Cikina yana sati 36, ina tsaye ina jiran taram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Liyon ta ƙasar Faransa, yayyafin Nuwamba mai shiga ƙashi yana sauka, sai saƙon labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya shigo wayata. Na buɗe, na ga an ja layi ƙarƙashin wani suna da ban taɓa ji ba: sitireptokok rukunin B. Gefensa an rubuta cewa an same shi a jikina.

Kwana huɗu kafin nan aka yi awon. A nan kowace mai ciki ana yi mata shi tsakanin sati 34 da 38, ko lafiyarta lau. Ɗakin yana da ɗumi, gadon an shimfiɗa masa takarda da ake yagewa bayan kowace mace. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, dattijuwa ce mai furfura da gajeren gashi, kuma ba ta taɓa ni ba sai da ta nemi izini. Ta ɗauko wani tsinke mai auduga a baki, kamar na goge kunne amma ya fi tsawo, ta shafo gabana, ta saka shi cikin ƴar kwalba, ta liƙa sunana. Minti ɗaya bai cika ba. Ko dala ban biya ba, na miƙa koren katin inshora ne kawai, don daga wata na shida na ciki inshorar ƙasa ke ɗauke komai.

Daren da na ga sakamakon ban runtsa ba. Tunanina ya tafi ga ciwon sanyi, kun kuwa san idon da ake kallon mace da shi a gida idan aka ambaci wannan. Har maigida na zarga a zuciyata, Allah ya yafe mini.

Washegari sajfam ta zaunar da ni, ta juya takarda tana zane. Ta ce ba ciwon shimfiɗa ba ne, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Ƙwaya ce da ke zaune cikin hanji da gaban mata masu ƙoshin lafiya, kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar, tana zuwa tana tafiya ba ƙaiƙayi ba ciwo. Ni ba za ta yi mini komai ba. Jariri ne abin tsoro, lokacin da yake bin hanya zai fito. Ba za su ba ni magani yanzu ba, don ko an kashe ta za ta dawo kafin haihuwa. Ranar naƙuda za a sa mini amoksisilin ta jijiya, a maimaita duk bayan awa huɗu, kuma ana so na farko ya shiga aƙalla awa huɗu kafin ɗa ya faɗo. Daga baya na karanta lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka: idan ba a ba uwa mai ɗauke da ƙwayar maganin ba, wajen jariri 1 cikin 200 ke kamuwa, idan an ba ta kuwa 1 cikin 4,000.

Sai ta fara lissafa mini alamomin da zan sa wa ido. Jariri ya yi ta nishi, numfashinsa ya yi sauri, ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Ta ce ƙwayar tana shiga jini, ko huhu, ko ta zama sanƙarau, kuma yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Tana magana, ni kuwa tuni na koma ɗakin Inna a Tawa, shekara tara baya.

Haihuwar fari ce ta Yaya. Faya ta fashe mata bayan isha'i, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai washegari da la'asar aka kai ta asibiti, jikinta zafi rau. Ta haifi namiji ƙato, aka sallame su da safe. Ni ce na riƙe shi a kan tabarma da daddare. Wani ɗan nishi yake yi a ƙarshen kowane numfashi, siriri, har yau yana kunnena. An matsa masa nono a baki bai haɗiye ba. Tsofaffi suka ce gajiyar hanya ce, aka ɗiga masa rubutu. Kafin kiran assalatu na kwana na biyu ya koma. Ragon yana ɗaure a tsakar gida. Aka ce bai zo da kwana ba, aka ba Yaya haƙuri, ta ci gaba da wankan jego hannu wofi.

Ban ce wannan ƙwaya ce ta ɗauke shi ba. Babu wanda ya duba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan.

Na kira Inna ta WhatsApp na yi mata bayani. Ta ce, "Auta, mu da muka haifi goma a kan gwiwa, wa ya taɓa tsokana mu da tsinke? Nasara dai ba su rasa sunan da za su sa wa lafiya. Ki riƙe addu'a." Na ce to, Inna. Ban iya tuna mata cewa cikin goman nan mu bakwai ne muka rayu ba, kuma biyu ba su kai suna ba.

Na san abin da wasu za su ce: ta je Turai ta ga fitila, ta fara zagin gida. Ni ɗiyar Adar ce, a Tawa aka yanke cibiyata, kuma na san abin da awon ciki na gida ke yi. Ana ba da Fansidar saboda zazzaɓin sauro, da ƙwayar ƙarin jini, da allurar tetanus, da gidan sauro, an kuma daɗe da ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa. Na san sajfam guda na kwana a kan mata biyar. Ba na cewa kowane ƙaramin asibitin ƙauye ya buɗe labo gobe. Ingila ma, da duk arzikinta, ba ta auna kowace mai ciki. Alamomin haɗari suke bi: naƙuda kafin sati 37, zazzaɓi lokacin naƙuda, samun ƙwayar a fitsari, ko an taɓa haifar ɗan da ya kamu. Ga kuma faya da ta daɗe da fashewa, wadda Faransa ke ƙidaya wa awa 12, Amurka 18. Yawancin waɗannan ba su buƙatar wata na'ura, agogo ne da ma'aunin zafi da tambaya. Amoksisilin kuwa wane farmasi ne babu shi daga Yamai har Tawa? Yaya tana da biyu daga cikin alamomin nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a Nuwamban 2021: kowace shekara wannan ƙwaya tana da hannu a mutuwar jarirai kusan 100,000, da aƙalla 46,000 da ke zuwa ba rai, da bakwaini sama da rabin miliyan, kuma nauyin ya fi yawa a ƙasashenmu na kudu da Sahara. Mu muka fi binnewa, mu ne kuma ba mu san ko sunanta ba. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma mutanenmu sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma haƙurin da muke saurin ba mai jego yakan rufe bakin tambaya. Mace ta rasa biyu, uku, sai a ce wabi take yi, a shiga nema mata laya, ba wanda zai ce a rubuta a karnenta na awon ciki don a kula a ciki na gaba.

Na haihu ranar Juma'a da asuba, leda uku na maganin suka shiga. Kwana uku muka yi a asibiti, kowane ƴan awoyi wata ta shigo ta auna zafin yarinyar, ta ƙidaya numfashinta tana kallon agogo, ta rubuta. Lafiya lau muka fito.

Gidan ne na tarar shiru. Tun cikin yana wata biyar Inna ta so in dawo goyon ciki, na ƙi, ta yi kwana goma ba ta ɗauki wayata ba. Mun nema mata biza, ba a ba ta ba. Ba mai dafa mini ruwa da ganyen bedi, ba kunun kanwa, ba ƴan barka masu cika ɗaki da surutu. Maigida ya koma aiki, ni da jaririya da ƙarar injin ɗumama ɗaki. Nakan zauna cikin baho in sakar wa bayana ruwan zafi, in yi kuka ba tare da na san dalili ba. Duk lokacin da kewa ta taso sai in ɗauko takardar labo in duba, in ce wa kaina da na tafi da ba a gani ba.

Ranar suna a Tawa aka yanka ragon, muna kallo ta waya, hoton yana yankewa. Yaya ce ta riƙe wayar. Ta ce in matso da yarinyar kusa ta gan ta. Na matso da ita. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Auta, tana kama nono dai ko?" Na ce tana kamawa, Yaya.