'Yar shekara shida ce fa, ku bar ta ta numfasa

Jiya wajen ƙarfe tara da rabi na dare na tarar da autata ta yi barci a kan tabarma, kumatunta a kan littafin aikin gida, fensir na hannunta. Da na zare fensirin sai na ga ɗan yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Shekararta shida, aji ɗaya take a wata makarantar kuɗi a nan Agege. Wallahi ban runtsa ba saboda takaici.

Kun san aikin da aka ba ta? Ta rubuta lamba daga 1 zuwa 500, ta kuma haddace jihohi 36 da manyan biranensu kafin safiya. Tana rero su kamar karatun aku. Ta iya cewa Ikeja ce babban birnin jihar Legas, amma ba ta san nan ne muke shiga danfo mu je gaishe da gwaggonta ba. Na nuna mata sunanta ita kanta a bangon littafi in ji ko za ta karanta, ta tsaya tana kallona. Wane irin karatu ne wannan?

Na je na ga ajin da idona. Ɗakin kwana ne na gidan haya aka jera wa benci, yara a cushe kamar buhunan albasa a kasuwar Mile 12, taga ɗaya, fanka ba ta juyawa sai an kawo wuta. Ɗan filin yashin da na gani ranar da na kai ta rajista, wanda shi ya ja hankalina, an zuba masa siminti, yanzu motar mai makaranta ke kwana a wurin. In an buga ƙararrawar tara, a zaune suke cin abincinsu, wanda ya tashi ya sha bulala. Ba ƙwallo, ba lilo, ba yumɓu, ba ko takardar zane. A tashi ƙarfe biyu, a riƙe su da sunan lesin har ƙarfe huɗu, shi ma da kuɗinsa daban. Daga nan ta wuce Islamiyya sai magariba. To yaushe za ta yi wasa?

Mu da marfin kwalba da ƙwallon dabino muka koyi lissafi. Malaminmu kan zuba su a ƙasa ya ce ku raba wa mutum uku, ka ga ragowar da idonka, ka taɓa da hannunka. A carafke muka iya ƙirge, a gaɗa muka iya haddar baiti, a tatsuniya muka iya saurare da ba da labari. Duk wannan ba ya cin ko kwabo, marfin kwalba ga shi nan birjik a kowane lungu na Legas.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da aka sa ta durƙuso don ta ce wa ƙawarta "ara min magogi" da Hausa. Tun 2018 jihar nan ta yi doka a riƙa koyar da Yarbanci a makarantu, kuma na yi murna, a nan aka haife ta, ina so ta iya. Amma harshen da ta sha a nono ya zama laifin da za a gurfanar da ita a gaban aji? Tun ranar ta daina ɗaga hannu.

Na samu shugabar makarantar, na gaishe ta da ladabi, na faɗa mata damuwata. Sai ta ce: "Hajiya, iyaye ne ke so, in ba su ga littafi ya cika ba sai su cire 'ya'yansu." Da gaskiyarta a nan, kuma da mu nake, iyayen Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Mu ne muke auna karatu da nauyin jaka.

Na san dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Amma makarantar gwamnatin da ke kusa da mu sai an tsallake titin jirgin ƙasa, ni kuwa ina shago tun asuba, shi ya sa muke ɗaure ciki mu biya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba zangon da ba a ƙara mana kuɗi ba.

Da safen nan ta riƙe min zane a bakin ƙofa, ta ce: "Umma, hannuna ciwo yake." Na rubuta wa antinsu takarda cewa ba ta gama aikin ba, kuma ni na hana. Ranar taron iyaye da malamai zan tashi in nemi a fasa simintin nan a mayar wa yara yashinsu.