Kyaftin-kyaftin ɗinmu na Zariya, ku ceci jirgi ko da guda ɗaya ne

Tun shekarun 1960 Zariya take yaye matuƙan jirgin sama. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama da ke Palladan, wadda mu a gari muke kira Abiyeshan, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Da wuya ka hau jirgi a ƙasar nan ba ka samu wanda ya sha ruwan Zariya a cikin aikin ba, ko a kujerar tuƙi, ko a hasumiyar da ke ba jirgi izinin sauka, ko cikin injiniyoyin da suka sa hannu kafin a tashi. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, nan ta koya, daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar. Mutanen muna da su, wasu sun yi ritaya suna nan cikinmu, muna haɗuwa da su a masallaci da wajen ɗaurin aure. Da su nake magana yau, ranku ya daɗe, kuma a kan jiragen da suka koya muku tashi nake maganar.

A ƙasashen da tsofaffin jirage suka tsira, da yawa daga cikinsu ba gwamnati ce ta fara ceto su ba. Mutum ɗaya ne da son abin ya shiga ransa. A Ingila akwai Richard Shuttleworth, ɗan masu kuɗi, direban tseren mota kuma matuƙin jirgi. A 1928 ya fara tara tsofaffin motoci a gidansu da ke Old Warden, a 1932 ya sayi jirginsa na farko, wani ɗan ƙaramin Moth, wanda har yau yana wurin. Sai ya shiga bin jiragen da kowa ya yar. Ya samo Blériot na 1909, irin wanda aka fara ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi. Ya tsinto Blackburn na 1912 a wata gona. Na katako ne da yadi da waya, abin da a lokacin ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yau Blériot ɗin nan shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya barin ƙasa. Ba sa kai shi nesa, sai da yamma in iska ta kwanta a ɗan ɗaga shi a kan filin a sauke, jama'a kuwa su biya kuɗi su zo kallo.

Na san abin da za a ce, ai wannan ɗan gata ne. To ga Cole Palen a Amurka, makaniken jirgi ne da ya koyi tuƙi. A 1951 aka tashi rufe filin jirgin Roosevelt da ke kusa da birnin New York don a gina kantuna, ga wasu jirage na zamanin yaƙin duniya na ɗaya a ajiye. Ya kwashe ɗan abin da ya tara ya saye guda shida, ya yi ta jigilarsu zuwa gidan mahaifinsa. Daga baya ya sayi wata tsohuwar gona a Rhinebeck, ya share titin tashi da kansa. Ya rasu a 1993, amma wurin yana nan, ana tashin jiragen duk lokacin zafi.

Mu fa? A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a ƙasar nan, shekara ɗari ke nan. Mai son ganin irin jirgin da idonsa sai ya je gidan tarihin sojan sama a Landan. Wannan ba laifinmu ba ne, jiragensu ne, sun koma da abinsu. Amma Nigeria Airways tamu ce. Daga 1958 zuwa 2003 ta tuƙa DC-3, da Fokker F27 da F28, da Boeing 707 da 737, da DC-10, da Airbus A310. Iyayenmu da kakanninmu da yawa a cikinsu suka sauke farali. Haka manyan jiragen Boeing 747 na kamfanin Kabo da suka yi ta jigilar alhazai daga Kano. A 2013 hukumar filayen jiragen sama ta ba da umarnin a kwashe matattun jiragen da aka yasar a filayen ƙasar nan, aka shiga daddatsa su ana sayarwa a kilo. Ban ga laifin share fili ba, mataccen jirgi a gefen titin sauka haɗari ne. Abin da ke ci mini rai shi ne alminiyom ɗin da ya kai mutum Makka ya dawo da shi lafiya ya ƙare a hannun 'yan gwangwan, ba wanda ya ce a yanke mini ko ɗakin tuƙin in ajiye. Wurin da aka fi sani da tsofaffin jirage a Nijeriya shi ne gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda ake ganin jiragen yaƙin basasa. Su ma darajar yaƙi suka ci. Jirgin da ya yi aikin lumana, ya ɗauki ɗalibi ko alhaji ko wasiƙa, shi ba shi da mai tuna shi.

Ba 747 nake roƙon kowa ya saya ba, wannan sai hukuma. Ƙananan nake nufi. Duk wanda ya tashi a Palladan ko Hanwa ko Kwangila ko Samaru ya san kukan Tampico, ɗan jirgin nan ƙirar Faransa mai kujera huɗu da farfela ɗaya, yana kewaya gari tun safe ɗalibi na koyon sauka da tashi. Yanzu makarantar ta koma jiragen Diamond ƙirar Ostiriya, saboda su suna shan irin man da manyan jirage ke sha, shi kuwa Tampico sai abgas, fetur na musamman mai tsada da wuyar samu a nan. Canjin daidai ne. Amma duk jirgin da aka daina amfani da shi, kwanansa ya fara ƙarewa daga ranar. Sai kuma Air Beetle, wanda nan Kaduna aka harhaɗa shi, guda sittin, bisa tsarin wani jirgin Amurka mai suna RV-6A, sojan samanmu suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi kafin a kawo Super Mushshak daga Fakistan. Hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaura shi. In wannan bai cancanci rumfa ba, me ya cancanta?

Mutane suna ɗauka ajiye jirgi shi ne a tura shi gefe a bar shi. Wannan kashe shi ne a hankali. Alminiyom ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe da za ka hango daga nesa. Fari yake yi kamar gari, a ƙarƙashin fenti, musamman inda kusar ƙarfe ta haɗu da shi, sai ranar da aka buɗe a tarar ya cinye. Ruwan damina yana shiga ta bakin ƙofa ya kwanta a cikin cikin jirgin wata da watanni. Rana tana farfasa tagogi da tayoyi da duk wata roba. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina ta riƙe laima. Tsuntsaye su yi sheƙa a cikin injin, ɓeraye su ci wayoyi, zanzaro kuma ya samu ɗan bututun da ke auna gudun jirgi ya cika shi da laka. Injin da ya daɗe ba a juya shi ba, man da ya lulluɓe cikinsa yakan tsiyaye ƙasa, silinda ta fara tsatsa. Shi ya sa Amurkawa suke kai dubban tsofaffin jiragen sojansu hamadar Tucson a Arizona, inda iska ba laima. Mu ranin Zariya yana taimaka mana, amma daga watan Mayu zuwa Oktoba damina tana rushe duk abin da rani ya gyara. Maganin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: rufin kwano mai kyau, daɓen siminti, a ɗaga jirgin kan turaku don tayoyi su huta, a toshe kowace kafa, a zuba wa injin man adana, a samu mai leƙawa kowane mako. Kuɗin bai kai na riƙon dawakin folo na shekara ba, kuma muna da masu riƙe da su.

Sai in an ce dole jirgin ya ci gaba da tashi ne lissafi yake canzawa. Nan sai da yardar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da binciken injiniya mai lasisi, da inshora, da kayan gyara daga waje da dala. Akwai kuma gardamar da masu wannan harka suka daɗe suna yi: wasu na cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce, wasu na cewa in guda ɗaya ya rage a duniya ba ka da hurumin yin caca da shi. Ni a halin da muke ciki ina bayan na biyun. A fara da ajiyewa a ƙasa, yaro ya hau ya zauna a kujera ya kama sanda ya ga fiffike yana amsawa. Da babu gara ba daɗi.

Wani zai ce ana fama da abin sawa a baki kana maganar tsohon ƙarfe. Ban raina wannan magana ba, don gaskiya ce. Sai dai ban ce a taɓa kuɗin asibiti ko na makaranta ba. Aljihun mutum na nufa, wanda Allah Ya rufa wa asiri ta hanyar tuƙin nan. Kuma ba ado kawai ba ne. Yaron da ke Barewa ko Alhudahuda ko wata firamare a Tudun Jukun yana ganin jirgi a sama kullum, amma bai taɓa sa hannu a jikinsa ba, yana ganin abin na 'ya'yan wasu ne. Ɗaliban injiniya na jami'ar Ahmadu Bello da masu koyon gyara a Sabon Gari za su ga yadda ake ɗinke alminiyom da ƙusa, yadda waya take tafiya daga sanda zuwa wutsiya. Wannan ba a koyonsa a allo.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Shuttleworth ya mutu a 1940 yana da shekara 31, a haɗarin jirgin horo na soja. Da a ce an bar kayansa haka nan, da tuni sun watse. Mahaifiyarsa ce a 1944 ta mayar da dukiyar amana ta dindindin da sunansa, shi ya sa jikokin jikoki suke gani. Dubi kuma Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Microsoft, wanda ya tara jiragen yaƙin duniya na biyu ya gyara su tsaf. Ya mutu a 2018, a 2022 aka sayar da tarin gaba ɗaya. An yi sa'a mai sayen ya riƙe su wuri ɗaya, amma sa'a ce. A wurinmu abin ya fi haka sauri. Ranar da mai gida ya kwanta dama, komai nasa ya zama gado, kuma jirgi ba gona ba ne da za a ja igiya a raba. Magada za su sayar, kuma ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne. Mai saye kuwa ɗaya ne a kasuwa, mai sikeli. Addininmu ya riga ya ba mu mafita: waƙafi. Mutum ya fitar da filin da rumfar da jirgin daga dukiyarsa tun yana da rai da lafiya, a rubuta, a sa shaidu, a naɗa masu kula, a haɗa da wani shago ko gidan haya da zai riƙa biyan mai gadi da gyaran rufi. In aka bari sai a wasiyya, ba za ta wuce sulusi ba, kuma ana iya jayayya a kanta. Malamanmu na cikin birni sun fi ni sanin ƙa'idojin, a tambaye su.

In mutum ɗaya ba zai iya ba, 'yan aji ɗaya su haɗu. Kuna da zumuncinku, kun san juna, kun san ƙofar da ake bugawa a Abuja in za a yi gwanjon kayan gwamnati, kuma buƙatar da ta fito daga bakin tsofaffin kyaftin ba a mayar da ita kamar tawa. Ku nemi jirgin tare da takardunsa, littafin da aka rubuta kowace awa da ya yi a sama da kowane gyara da aka yi masa, domin in babu su ba za a san wa ya tuƙa shi ba, kuma duk mai son ya sake tayar da shi wata rana zai sha wuya. Ku haɗa da naku littattafan awoyin, da taswirorin takarda na kafin zuwan kwamfuta, da hula da kaki, da hotunan ranar da aka bar ku kuka tashi ku kaɗai. Waɗannan suna cikin akwatuna a gidajenku yanzu haka, gara tana aikinta. Ku jawo tsofaffin injiniyoyin da suka san Tampico ciki da waje tun suna da ƙarfin riƙe sifana, a sa matasa biyu ko uku a gefensu, a ɗauki bayaninsu a waya da Hausa da Turanci. Filin da ake buƙata bai wuce fuloti biyu ba, kuma ta hanyar Sakkwato ko ta Basawa har yanzu ana samu.