Wa Zai Tsaya Maka In Saniyar Ta Sata Ce?

Wata Asabar cikin watan Maris wani abokin aikina Bature ya ce in raka shi gonar wani dattijo a Kambiriya, can ƙuryar arewacin Ingila dab da iyakar Sikotilan. Tare muke aiki a wani kamfanin abincin dabbobi kusa da Kalail, shi yana tuƙi, ni ina sito. Bijimin garken mahaifinsa ya tsufa, aka aike shi ya dubo wani. Ya san ni ɗan Kumo ne, ya kuma san cikin shanu na tashi, don duk lokacin shan shayi hirata ba ta wuce nan. Abin da ya faru a gonar ya tsaya mini a rai har yau.

Hanyar gonar siririya ce, mota ɗaya tak take ɗauka, katangar duwatsu hagu da dama, ga yayyafi da ba ya ɗaukewa. A bakin ƙofa akwai wani faranti mai faɗi cike da ruwan magani, sai ka tsoma takalmanka kafin ka shiga. Aka ara mini takalmin roba. Shanun duka suna cikin wata rumfar ƙarfe mai daɓen siminti da aka shimfiɗe da tattakar alkama, tun kaka suke ciki, ba su ga makiyaya ba. Abincinsu ciyawa ce da aka yanka ɗanya aka naɗe cikin baƙar leda har ta yi tsami, warinta kamar na gasara da ta kwana biyu. Bijimai uku dattijon ya ware mana, irin da suke kira Limuzin, asalinsu daga Faransa. Jajaye ne, ba tozo, ba ƙaho, cinyoyi kamar an cusa musu buhu, kowanne da zobe a hanci da ɗan kunnen roba mai lamba a kunnuwa biyu. Dattijon bai yabi ko ɗaya ba. Ya buɗe ƙyaure ya kora su suka zaga, sannan ya ja mu wata rumfar ya nuna mana uwar wanda abokina ya fi kallo, da 'yan'uwansa mata guda biyu.

Daga nan sai kicin. Matarsa ta dafa shayi, shi kuma ya ɗauko wani fayil. Ciki akwai fasfon bijimin, da ranar haihuwarsa, da lambar uwarsa, da nauyinsa yana da kwana 200 da kuma 400, da takardar likitan dabbobi cewa an gwada shi yana iya barbara. Dattijo ya ce fam 5,000. Abokina ya ce 4,500. Aka yi shiru, kowa na kurɓar shayi. Suka tsaya a 4,700, suka yi musabaha, ya tura kuɗi ta waya. Sai dattijon ya zaro fam 20 daga aljihu ya miƙa masa, wai kuɗin sa'a ne, al'adarsu ce mai sayarwa ya mayar wa mai saye wani abu don dabbar ta yi albarka. Ko minti 15 cinikin bai kai ba.

A mota abokina ya gaya mini sunan abin, firaibet tiriti. Ma'anarsa cinikin da mai dabba da mai saye suka ƙulla su biyu, a gona, ba a gwanjo ba. Mai dabba ya sa farashinsa, mai saye ya zo ya gani, su daidaita, ba wanda ya ji kuɗin sai su. Har a cinikin gidaje da filaye suna amfani da wannan suna. Dalilin da ya sa sai da suka raɗa masa suna shi ne, a wurinsu gwanjo ne babbar hanya. Mu in aka ce gwanjo sai tunaninmu ya tafi kan tsofaffin kaya ko motocin da kwastan suka kama, amma a nan dabba mai daraja ake kaiwa. Na sha zuwa kasuwar dabbobi ta Kalail. Wani zagaye ne na ƙarfe, kujeru sun hau sama kamar filin ƙwallo, a koro saniya ta taka sikeli nauyinta ya fito a allo, mai guduma yana zuba magana kamar ana yayyafa tsakuwa a kwano, masu saye suna ɗaga yatsa ko gira kawai. Kafin ka gama kallon ƙafafunta an buga guduma. Dabbobi masu asali ma ba da fam ake tayinsu ba, da wani tsohon kuɗi ne mai suna gini, fam ɗaya da kwabo biyar, kuma a al'adar da, kwabo biyar ɗin nan la'adar mai gwanjo ce. Wanda ya sayar a gona ya huta da la'ada da kuɗin mota, dabbarsa ba ta cuɗanya da na wasu balle ta kwaso cuta, mai saye kuma ya ga gidan da ta fito. Asararsa ita ce babu masu tayi biyu da za su yi ta hawa kan juna, kuma in kuɗi ya maƙale babu kamfanin gwanjo da zai biya shi.

Kafin mu bar kicin ɗin ne ɗan dattijon, saurayi da bai wuce shekara 25 ba, ya tambaye ni yadda muke yi a ƙasarmu. Na fara ba shi labarin kara da dillali. Ya katse ni ya ce, to babu fasfo? Na ce babu. Ya yi dariya ya ce ashe kowa na iya kama saniyar kowa ya sayar. Ba da mugunta ya faɗa ba, na ga fuskarsa. Amma Turancina ya ƙafe a wurin, na yi murmushi kawai, kuma wannan murmushin ne yake cina. Amsar da ban ba shi ba ita ce nake rubutawa.

Takardar nan da yake taƙama da ita ba ta girme shi da yawa ba. A 1996 aka wajabta fasfon shanu a Birtaniya, lokacin da cutar haukar shanu ta sa ƙasashe suka daina sayen namansu. Sai kuma 2001, da ciwon boru ya ɓarke, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, aka rufe kasuwannin dabbobi kusan shekara guda, kuma Kambiriyar nan tasu ita ta fi ko'ina shan wuya. Daga wannan masifa aka samo dokar da ta ce in sabuwar saniya ta shigo gonarka a Ingila, wata ba za ta fita ba sai bayan kwana 6, sai dai in mayanka za ta. Duk saniyar da ta sauya gida kuma sai an sanar da hukuma cikin kwana 3. Cuta ce ta kawo musu takarda. Kakan yaron nan da musabaha ya sayar da shanunsa, kuma fam 20 ɗin da ubansa ya zaro daga aljihu ragowar wancan zamanin ne.

Mu kuwa fasfonmu mutum ne mai numfashi. Kowa ya san in saniya ta zama ta sata, ba a neman baƙon da ya kawo ta, dillalin da ya riƙe igiyarta ake kamawa, a kai gaban sarkin tike, wato shugaban kasuwar shanu. Shi ya sa dillalin kirki ba ya karɓar dabbar wanda bai san rugarsu ba, ko bai san wanda ya san shi ba. Baba, Allah ya jiƙansa, dillali ɗaya ya riƙe tun kafin a haife ni. Ina tuna yadda mutumin nan yake kama leɓen sa ya buɗe ya ƙirga haƙora, ya damƙi gindin wutsiya, ya shafa ƙirji, ya ce wa yaro ja shi mu ga tafiyarsa. Bai taɓa ganin sikeli ba, amma mahauta ba sa musu da idonsa. In mai saye ya taya ƙasa, kafin Baba ya buɗe baki ya riga ya ce albarka. In ya ga tayi ya kai, sai ya matso ya ce, "Alhaji, ka sallama, yau kasuwa ba za ta wuce haka ba." Baba ya sallama. Wace takarda ce za ta gaya maka yau kasuwa ba za ta wuce haka ba?

Abin da na lura da shi, wanda su Turawan kansu ba sa faɗa, shi ne cinikinsu na mutum biyu yana jingine ne da gwanjo. Dattijon da abokina duk sun san abin da irin wannan bijimi ya yi a gwanjon Kalail da na Sitalin ta Sikotilan, don ana buga farashin a jaridun manoma da intanet. Kowa ya shigo kicin da kasuwa a aljihunsa, kuma babu wanda yunwa ta koro. Ku ɗauki wannan ciniki ku kai shi wata ruga a bayan Dukku ko dajin Alkaleri. Mai saye ya zo kan babur, ya kwana ya tashi a kara, ya san farashin Potiskum da abin da tirela ke ci zuwa Legas. Mai saniya kuwa matarsa ce ke kwance, asibiti na jiran kuɗi. Wannan ma cinikin mutum biyu ne, amma ɗaya ne kawai yake gani. Ba banza Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa ba, ya kuma ba mai kaya zaɓi in ya iso ya tarar an ƙware shi. Haka ya hana a bar nono ya taru a hantsa don a ruɗi mai saye, ya ba shi damar mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na dabino. Dokar kare mai rauni a cinikin dabba muna da ita tun kafin a san za a yi fasfo. Don haka in na ji 'yan bokonmu suna cewa a kawar da dillalai, makiyayi ya sayar kai tsaye kamar yadda ake yi a Turai, raina yana ɓaci. Sun ga kicin ɗin, ba su ga abin da ya tokare shi ba.

Ban ce dillalanmu waliyyai ne ba. Akwai mai sayarwa a kan kuɗi kaza ya gaya wa mai dabba ƙasa da haka, ya ci tsakiya ya kuma karɓi la'ada. Akwai masu tayin ƙarya don su zuga mai saye. Kuma shanun da ɓarayin daji ke kwashewa ba sama suke tashi ba, ta wata kara suke bi, da hannun wani. In da za a sa wa shanunmu lamba a kunne a kama ɓarawo, ni ne farkon mai murna. Takardar likitan nan ma ta burge ni, don na san wanda ya sayi bijimi ya shekara bai ga maraƙi ko ɗaya ba. Amma a ƙara mana takarda a kan mutum, kada a cire mana mutumin.

Shekarar da zan shiga jami'a Baba ya sayar da wani jan sa da muke ji da shi, bakin rijista ya zo kuma kasuwa ta faɗi. Wani ya biyo shi har gida da kuɗi a hannu. Dillalin nan ya ji labari, ya zo bayan magariba ya zauna a zaure ya ce, "Alhaji, kada ka sayar a gida. Ga kuɗin makarantar yaro, ka riƙe, in kasuwa ta tashi mu lissafa." Sati uku ya jira kafin ya kai jan san nan kara. Da wannan kuɗin na fara hanyar da ta kawo ni sito a Kalail, inda nake ɗora buhunan abincin shanun da ban san sunan ko ɗaya ba.

Kwana biyu bayan zuwanmu gonar, yayana Hamma ya kira ni ta bidiyo. Yana tsaye a bayan gida, ya juya wayar ya nuna mini wata farar karsana cikin 'yan shanun da Baba ya bari. Ya ce wani ya zo har gida ya taya, yana so ya ji ta bakina tunda da rabona a ciki. Hoton yana yankewa, ban iya ganin ko haƙarƙarinta ya rufe ba. Na ce, "Hamma, kada ka sallama a gida, ka kai ta kara wurin mutumin Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce ai ya rasu tun azumin da ya wuce, ya zaci an gaya mini. Na tambayi 'ya'yansa. Ya ce babban yana tuƙa Keke Napep a Gombe, ƙaramin yana sayar da kayan waya, ba wanda ya ɗauki igiya. Ya ce mutumin zai dawo da la'asar, me zai ce masa?