Wa ke ƙirga masu tari a unguwarku?

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau na ce bari in zauna in rubuta ta. Za ta yi tsawo, ku yi mini haƙuri.

A lokacin korona ina cikin mutanen da ba sa kwanciya sai sun ga alƙaluman ranar. Mutum kaza sun kamu, kaza sun warke, kaza sun rasu. In lambar ta hau gabana ya faɗi, in ta sauka in yi ajiyar zuciya in ja bargo. Na yi watanni a haka kafin in tsaya in tambayi kaina: wannan lambar ta ƙasa baki ɗaya, me ta gaya mini game da layin da nake zaune? Ba ta gaya mini komai ba. Ban san ko cutar tana bayan katangata ba, ko tana can wani gari mai nisan kwana biyu a mota. Tun daga nan na fara bin yadda ake haɗa waɗannan alƙaluma, kuma abin da na fahimta shi ne, ƙirgar da ke ceton rai ita ce ta ƙasa-ƙasa, ta unguwa da gunduma da ƙaramin asibiti. Ita ce kuma aka fi rainawa.

Cutar numfashi tafiyarta irin ta gobara ce. Ta kama gidan nan, ta tsallake goma, ta faɗa wani. Ranar 10 ga Maris 2020, a gundumar Skagit da ke jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka taru a ɗaki guda suna bitar waƙa na kusan awa biyu da rabi. Ɗaya daga cikinsu yana da alamun mura. Bayan 'yan kwanaki sama da 50 suka kwanta da korona, biyu suka rasu. Ma'aikatan lafiya na gundumar ne suka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya da waya, suna tambaya: ina ka zauna, wa ke kusa da kai, yaushe ka fara jin zazzaɓi? Daga irin wannan aikin na haƙuri duniya ta ƙara fahimtar cewa ƙwayar tana yawo cikin iskar rufaffen ɗaki, musamman inda ake ɗaga murya. A jimillar Amurka ta wannan makon, mutum 50 ko gani ba za a yi ba. A Koriya ta Kudu ma haka aka yi a watan Fabrairun 2020: mafi yawan waɗanda suka kamu a farkon lamarin a birnin Daegu suke, kuma dubbai daga cikinsu sawunsu ya koma ga taron ibada na majami'a guda. Wanda ya kalli lambar ƙasa zai ce Koriya ta kama da wuta. Wanda ya kalli taswira ya san inda zai kai ruwa.

To ita kanta lambar, me take ƙirgawa? Nan ne na fi so mu daɗe.

Idan aka ce yau mutum 100 sun kamu, abin da ake nufi shi ne an samu sakamakon gwaji 100 da ya nuna cutar. Wanda bai je gwaji ba, babu shi a lissafi. Wanda garinsu babu wurin gwaji, babu shi. Wanda ya ji tsoron a killace shi ya kwanta a ɗaki ya yi shiru, shi ma babu shi. Saboda haka gundumar da ta fi kowa ƙoƙarin gwaji ita za ta bayyana kamar ta fi kowa cuta, wadda ba ta gwada kowa ba kuma ta fito fes. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa kallon yawan waɗanda suka kamu shi kaɗai, sai sun tambayi mutum nawa aka gwada. In ka gwada 1,000 ka samu 100, wani labari ne. In ka gwada 200 ka samu 100, wannan tashin hankali ne, domin yana nuna marasa lafiya sosai kawai kake kamawa, sauran suna yawo. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kafin a sassauta kulle, ya kamata waɗanda gwaji ke nuna suna da cutar su kasance ƙasa da kashi 5 cikin 100 na tsawon mako biyu. Mu nawa ne a lokacin muka taɓa tambayar wannan kason? Ni dai ban tambaya ba, kuma yana damuna har yau.

Sannan akwai jinkiri. Mutum ya kamu yau, sai bayan kwanaki jikinsa ya nuna, ya ƙara kwana biyu ko uku yana cewa mura ce za ta wuce, ya je gwaji, a jira sakamako, a tura wa hukuma, a sanar. Lambar da ka gani daren yau hoton abin da ya faru ne mako guda ko fiye da ya wuce. Cikar gadajen asibiti tana biyo baya, mace-mace kuma su zo bayan mako biyu zuwa uku. Don haka duk shugaban da ya ce zai jira ya ga gawarwaki kafin ya ɗauki mataki, ya riga ya makara da kusan wata guda. A ƙasashe da yawa ma za ka ga lambar tana faɗuwa duk ƙarshen mako, ta yi tsalle a tsakiyarsa, don kawai ɗakunan gwaji da ofisoshi sun rage aiki a ranakun hutu. Wannan ne dalilin da ya sa ake haɗa kwana bakwai a raba, a daina firgita da lambar rana guda.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu ya ɓace daga lissafi, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel, wato manhajar kwamfuta ta jera alƙaluma, wanda layukansa suka cika. Mutanen sun samu sakamakonsu, amma ba a bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da su a kan lokaci ba. Dubban mutane suka ci gaba da harkokinsu ba su san sun zauna da mai cutar ba. Aikin magatakarda mai shigar da suna a kwamfuta, wanda ba wanda ke tunawa da shi, ashe rayuka ne rataye a kansa.

Wani ƙaramin gari a Italiya mai suna Vo' ya koyar da darasin da manyan birane ba su koyar ba. Nan ne aka samu mutuwar farko ta korona a ƙasar, ranar 21 ga Fabrairun 2020. Sai aka rufe garin, aka gwada mafi yawan mazaunansa, waɗanda jimillarsu mutum dubu uku ne da 'yan kai, har sau biyu, da mai tari da lafiyayye. Aka tarar sama da kashi 40 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar ba su da wata alama ko kaɗan. Ka ga kenan duk tsarin da ke jiran mara lafiya ya kawo kansa asibiti, kusan rabin labarin ya wuce shi.

Maganar mace-mace ita ta fi sosa mini rai. Ƙasashen duniya sun ba da rahoton mutuwar kimanin mutum miliyan 5.4 daga korona a shekarun 2020 da 2021. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta yawan waɗanda suka rasu a waɗannan shekaru biyu da yawan da aka saba gani, sai ta ƙiyasta ƙarin ya kai wajen miliyan 14.9. Ku dubi tazarar. Miliyoyin mutane, iyayen wasu, 'ya'yan wasu, sun tafi ba tare da an rubuta abin da ya ɗauke su ba. A Lusaka, babban birnin Zambiya, masu bincike sun je ɗakin ajiye gawa na babban asibitin koyarwa a 2020 suna gwada mamatan da aka kawo. Suka samu ƙwayar a jikin wani kaso mai yawa, kuma akasarinsu a gida suka rasu, ba a taɓa gwada su ba suna raye. Inda babu rajistar mutuwa mai inganci, annoba tana iya cin gari ta gama, takarda tana cewa lafiya lau.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun kafin ɗakin gwaji ya ce uffan, akwai mutanen da suka riga suka gani. Ma'aikaciyar jinya ta lura masu zazzaɓi da sarƙewar numfashi sun ninka a makon nan. Mai sayar da magani ya ga maganin tari yana ƙarewa da wuri. Malamin makaranta ya kira suna ya ga kujeru babu kowa. Masu haƙa kabari sun san aikinsu ya ƙaru. Duk wannan bayani ne mai daraja, kuma tattara shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yana buƙatar mutum guda a kowace gunduma da aikinsa kenan, a ba shi albashinsa a kan kari, da waya, da abin hawa, da wanda zai saurare shi a sama in ya kira. Yanzu ma an ƙara wata hanya: gwada ruwan magudanar bahaya. Mai ɗauke da ƙwayar yana fitar da ɓurɓushinta a bayan gida ko ya je asibiti ko bai je ba. Masana a Holan sun gano ta a ruwan ƙazantar wasu biranensu tun a watan Maris 2020, Amurka kuma ta kafa tsarin ƙasa na wannan gwaji a Satumbar shekarar. An daɗe ana amfani da dabarar wajen farautar ƙwayar shan inna, don haka ba baƙon abu ba ne.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba muddin wanda ya faɗi gaskiya shi ke shan duka. Likita Li Wenliang na birnin Wuhan da ke China ya gargaɗi abokan aikinsa a ƙarshen Disambar 2019 game da wata cutar huhu da yake gani. 'Yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne. Cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairun 2020. A Nuwambar 2021, masana a Botswana da Afirka ta Kudu, irin su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka lura da wani sabon nau'in ƙwayar yayin da masu kamuwa ke hauhawa a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. Ba su ɓoye ba, suka sanar da duniya cikin 'yan kwanaki, aka sa masa suna Omicron ranar 26 ga watan. Tukuicin da suka samu shi ne ƙasashe da dama suka rufe ƙofa ga matafiyan kudancin Afirka, alhali daga baya aka gano nau'in ya riga ya shiga Turai. Wallahi abin ya ba ni takaici. Wace ƙasa ce za ta ga haka, gobe ta yi saurin buɗe baki? Irin wannan yana faruwa a ƙananan matakai ma. In jami'in gunduma ya san kawo lamba mai yawa zai jawo masa faɗa daga shugabansa, zai koyi kawo lamba mai daɗin ji. In mai gida ya san za a yi ta nuna ƙofarsa da yatsa, zai ɓoye majinyacinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai an tabbatar wa mai wankan ba za a yi masa dariya ba. A fitar da alƙaluman unguwa kowa ya gani, a rufa asirin sunayen mutane.

Wani zai ce, to in an ƙirga ɗin sai me? Sai a yi aiki da shi da wuri, a kuma yi shi daidai wurin da ya dace. A annobar mura ta 1918, hukumomin birnin Philadelphia na Amurka sun san cutar ta shigo, amma suka bari aka yi gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba, mutum wajen 200,000 suka cika titi. Cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil. Birnin St. Louis kuwa, kwana biyu da ganin masu cutar na farko a cikin jama'a ya rufe makarantu da wuraren taro, kuma mace-macensa a ƙololuwar annobar bai kusanci na Philadelphia ba. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, kaka ɗaya. Ƙirga mai kyau tana kuma hana zalunci: in ka san cutar tana gundumomi uku, ba ka da hujjar kulle talatin, ka hana mai neman na yau fita.

Abin da ya tayar mini da wannan magana yanzu shi ne ganin yadda aka naɗe tabarma. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta daina tattara alƙaluman korona na duniya a watan Maris 2023. A wannan watan ne Birtaniya ta dakatar da babban bincikenta na gwada mutane gida-gida, wanda ya fi kowane bayyana ainihin yawan masu ɗauke da cutar. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan korona. Ban ce a ci gaba da zaman ɗar-ɗar ba, kowa ya gaji, ni ma na gaji. Amma a wurare da yawa ma'aikatan da aka horar wajen bin sawu an sallame su, na'urorin gwaji sun yi ƙura, kuɗin ya koma wani wuri. Ƙwayoyin cuta kuwa ba su tafi hutu ba. A watan Maris 2024 aka tabbatar murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga shanun madara a Amurka, abin da ba a saba gani ba, kuma wasu ma'aikatan gonakin sun kamu. Likitocin dabbobi da ke yawo gona-gona ne suka fara lura cewa shanu suna rage nono ba gaira ba dalili.

Ni abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kowane ƙaramin asibiti ya riƙa rubuta yawan masu zazzaɓi da tari da ya gani duk mako, ya tura sama, a kuma dawo masa da bayanin abin da maƙwabtansa suka gani, don kada ya ji kamar yana zuba ruwa a rariya. A riƙa ɗaukar samfur daga wasu daga cikinsu ana gwadawa ko babu annoba. A rubuta kowace mutuwa da ranarta da shekarun mamacin. In kuma wani ya tsaya gabanku ya ce cutar ta ragu, ku tambaye shi mutum nawa aka gwada a makon, kuma a wace gunduma.