Famfon zuƙe ruwan wanka a jirgin ruwa: wanne za ka saya, yaya za ka riƙe shi

Jama'a, na san wani zai ce mu da muke Damagaram, da ruwan sha ma sai an janyo mana daga Gogo-Macaya da Arunguza, me ya haɗa mu da wanka cikin jirgin ruwa? Jirgin da muka sani shi ne kwalekwalen masunta a tafkin Gidimuni. Amma matasanmu masu aikin batir da sola suna sauka Kotono da Lome neman aiki, kuma wutar ƙananan jiragen nan bolt 12 ce ko 24, irin wadda suke taɓawa kullum. Ga kuma masu gidan da makewayinsu ya yi ƙasa da kwatar waje, su ma wannan famfon zai iya fitar da su kunya.

A jirgi, daɓen wurin wanka yawanci yana ƙasa da saman ruwan da jirgin ke kai, ko daidai da shi. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa, dole a tura shi. Wasu sai su bar shi ya gangara cikin kwarmin gindin jirgi, wai babban famfon can zai kwashe. Wannan ganganci ne. Wancan famfon an aje shi ne don ranar da ruwa ya fasa shigowa. In ka cika shi da gashi da kumfa, ranar da kake buƙatarsa za ka tarar ya toshe. Ga wari kuma: sabulu da maiƙon jiki in suka kwana a wurin da ba iska, sai jirgi ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko akwatin roba ne mai murfi, ruwan wanka ya taru a ciki. A cikinsa akwai ƙaramin famfo mai farfela, da fulota, wato makunnin da ruwa ke ɗagawa ya kunna famfon, sai kuma rariya. Kamfanoni irin su Rule da Johnson suna yin sa. Na biyu famfo ne mai fatar roba da ke bugawa ciki da waje, da bawul biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Whale Gulper 220 da na Jabsco suna cikin wannan sahu. Shi ba ya zama cikin ruwa, a busasshen wuri ake kafa shi, ya zuƙo kai tsaye daga ramin daɓe.

Ni dai ra'ayina, in wurin wanka ɗaya ne, mai fata za ka saya. Yana jan ruwa da kansa ko da tiyo cike yake da iska, in ruwa ya ƙare ya ci gaba da juyawa ba ya ƙonewa nan take, kuma yana haɗiye gashin da zai shaƙe mai farfela. Aibinsa ƙara, ƙwas-ƙwas ɗinsa kan tayar da mai barci, kuma yawanci sai mai wanka ya danna makunni da hannunsa. Akwati yana da ranarsa in za a haɗa magudana biyu ko uku wuri guda, misali wanka da wurin wanke hannu, ko in baƙi ne ke amfani da wurin waɗanda ba za su tuna da makunni ba.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta galan 800 a awa jikin mai farfela, wato kimanin lita 50 a minti, mai fata kuma lita 14 kacal. Sai mutum ya ce ai na farkon ya ninka. Waccan lita 50 an auna ta ne ba tiyo, ba hawa, da batir cike. Da ka sa masa tiyo mai lanƙwasa ya hau mita ɗaya da rabi, sai ƙarfinsa ya zube sosai. Mai fata kuwa hawan ba ya rage shi da yawa. Abin da kake buƙata kawai famfo ya fi abin da ke zubowa. Ka tara bokiti ƙarƙashin kan wankan minti ɗaya ka auna. In ka samu lita 7 ko 8, mai lita 14 ya wadatar.

Wajen kafawa ne aka fi yin ɓarna, kuma a nan nake so masu gyara su natsu. Tiyon da aka fi amfani da shi mai faɗin milimita 19 ne. Ka nemi mai sulɓi a ciki, mai ƙarfin da ba zai lotse ba in famfo ya ja. Mai gwiɓi-gwiɓin nan mai araha kowane lungu nasa maɓoyar sabulu ce. Ramin da ruwa ke fita ta jikin jirgi ya kasance sama da ruwa ko da jirgi ya karkata da kaya, kuma tiyon ya fara hawa sama da ramin kafin ya sauko masa. In ba haka ba, ranar da bakin ya nutse, ruwan waje zai biyo tiyon ya dawo ciki, kamar yadda ake zuƙo esansi daga tankin mota da tiyo. In ramin yana kusa da ruwa, a sa bawul mai shigar da iska a ƙololuwar lanƙwasar, shi ke katse wannan jan. Kowane mahaɗi a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfen da ba ya tsatsa, na bakin ramin fita a sa biyu.

Akwai wata matsala ta masu akwati. Kowace mita ta tiyon milimita 19 tana riƙe fiye da kwatan lita. Tiyo mai mita 3 ke nan ya kusa lita ɗaya. Da famfo ya tsaya, wannan ruwan sai ya koma akwati, ya ɗaga fulota, famfo ya sake tashi, ya tura, ya tsaya, ya dawo. Haka za su kwana har batir ya mutu. Ana sa bawul mai hana komawa, amma shi ma gashi ɗaya ya isa ya hana shi rufuwa, kuma yana rage ƙarfin famfon. Gajarta tiyo ya fi.

Sai waya. Famfo mai cin amfa 5 da ke nesa da batir mita 5, tafiyar wuta mita 10 ce, zuwa da dawowa. Da waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 za ka yi asarar fiye da rabin bolt a hanya. Da 2.5 asarar ta sauko wajen kashi 3 cikin 100. A ruwan gishiri, wayar tagulla mai rufin kuza ake so, don ta gida tana yin kore ta ruɓe daga ciki. Mahaɗin waya ya zauna sama, a rufe shi da robar da ke tsukewa da zafi, ba salatif ba. Fis kuma a sa girman da takardar famfon ta faɗa, kusa da inda wutar ta taso. Wanda ya cire fis ya ɗaura zaren waya a gurbinsa, gobara yake kira.

Kula da shi ba wuya, ƙyama ce ke hana mutane. A sa rariya a ramin daɓe, a kwashe gashinta bayan kowane wanka. Zaren soso, guntun gashin kitso, garin lalle da yashin ƙafa su ne ke taruwa su zama curi. Sabulun salo da sabulun sanda sun fi na ruwa barin dauɗa mai kama jiki. Duk mako a bar ruwa mai ɗumi ya bi ta famfon na minti ɗaya. Duk wata, mai akwati ya kashe wuta, ya buɗe murfi, ya wanke rariya, ya ciro famfon daga mazauninsa ya duba sandar farfela, nan gashi ke naɗewa. Ya ɗaga fulota da yatsa ya sake ta: in ba ta faɗo da kanta ba, maiƙo ya riƙe ta. Fulotar da ta maƙale a sama tana ƙona famfo, wadda ta maƙale a ƙasa tana sa akwati ya yi ambaliya. Ruwan binigar ya isa ya narkar da farin dattin da ke kamawa. Soda mai ƙuna da asid na buɗe kwata kada su kusanci wurin, suna cinye fata da bawul. Sau ɗaya a shekara a buɗe kan mai fata a duba: in robar bawul ta taurare ko bakinta ya ƙi haɗuwa, a canza. A riƙa aje fata da bawul na canji cikin jirgi.

In ya tsaya, kada ka yi saurin cewa ya mutu. In mai fata ne, injinsa na juyawa amma ba ya ja: ko iska na shiga ta murfin mataci, wato abin tace datti da ke kan tiyon shiga, in robarsa ta goce, ko wani abu ya tokare bawul, ko fata ta tsage. Ka cire tiyon shiga ka ɗora tafin hannu a bakin. In ka ji yana tsotsa, laifin yana tiyo ko mataci. Yana gurnani ba ya juyawa: farfela ta shaƙe, kashe wuta nan da nan. Shiru gaba ɗaya: duba fis, sannan ka auna wuta a bakin famfon yana kunne, ba a kan batir ba. In batir na nuna 12.6 amma famfo na samun 10, mahaɗi ne ya ci tsatsa ko waya ta yi siriri. In famfon ya tashi da ka ba shi wuta kai tsaye, fulota ko makunni za ka canza.