Shekara 23 ana buga Battlefield, mu a Damagaram rezo ya hana mu shiga fili

Wallahi raina a ɓace yake, daren jiya ban runtsa ba kuma ba zafi ne kaɗai ya hana ni ba. Jika 15 na ƙirga na ba kamfanin rezo ranar Litinin, forfe na wata guda na akwatin nan da ake ajiyewa a ɗaki, yarinyar da ke kan tebur har tana ce mini "malam wannan shi ne mai gudu, sai ka dawo ka yi mini godiya", yau ga shi Asabar kwana shida ke nan ban buga wasa ɗaya cikakke ba daga farko har ƙarshe. Ɗaya tak! Amma jiga ɗin kullum raguwa suke kamar ana kwasarsu da ludayi, ko rezon ya zo ko bai zo ba lissafinsu ba ya tsayawa.

Na san akwai mai cewa haba don wasan tele kake wannan kumfar baki. To ɗan'uwa kuɗina ne, da gyaran salula nake samunsu ƙwandala ƙwandala tun safe har isha'i, ko kallon bango na saya da su ina da haƙƙin a ba ni abin da na biya. Sannan wanda bai san Battlefield ba ba zai gane inda abin ke yi mini ciwo ba.

Tun 2002 wasu 'yan Suwidin, kamfanin DICE, suka fito da na farko, Battlefield 1942, EA ke sayar da shi. Abin da ya raba shi da sauran wasannin harbi tun ranar shi ne mutum 64 a fili ɗaya, 32 nan 32 can, wani yana cikin tanka, wani ya ɗaga jirgin sama, wani yana ƙasa da ƙafarsa, ana ta rigima kan tutoci, ɓangaren da ya riƙe tutoci da yawa sai makin abokan gaba ya yi ta tsiyaya har ya ƙare. A 2005 Battlefield 2 ya kawo tsarin ƙananan ƙungiyoyi da kwamanda, a 2008 Bad Company ya zo da injin Frostbite inda bango ya daina zama mafaka, ka laɓe a ɗaki a fasa ɗakin a kanka. Duk wanda ya zo baya a kan wannan tubalin ya hau. Wasa ne na taron dangi, kai kaɗai ba ka tsinana komai, dole akwai mai tada wanda ya faɗi, akwai mai gyaran tanka da harbo na abokan gaba, akwai mai raba harsashi, akwai mai hangen nesa yana nuna inda maƙiyi ya ɓuya. Mutum zai iya gama wasa bai kashe ko uku ba amma shi ne ya ci wa mutanensa, don shi ya yi ta tada su. Wannan ne gadon da wasan ya bari, kuma shi ne daidai abin da mu nan ba a bar mu mun ɗanɗana ba, don babu shi in babu intanet.

Ni a wani sal na bayan kasuwar Dole na fara riƙe manet ɗinsa, wato abin sarrafa wasan a hannu, Battlefield 3 na 2011 a kan na'urar wasa ta PS3, tele ƙarama mai ƙaton baya, benci ɗaya, fanka ɗaya tana ƙugi. Yara duk ƙwallo suke bugawa don ita ake yi biyu-biyu, shi kuwa wannan ba a raba allo, mutum ɗaya ke riƙewa saura su yi ta ihu a bayansa. Labarin cikinsa kawai muke iya bi, wurin da ake tashi da jirgin yaƙi daga kan jirgin ruwa mun maimaita shi har mun haddace maganar matuƙin. Sai wani yayan abokinmu ya zo hutu daga Faransa ya tsaya ya kalle mu ya ce ai ku ɓawon kuke ci, ainihin abin yana kan layi, ya ba mu labarin Operation Métro inda ake cunkushewa a tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin birnin Paris, da Caspian Border mai dogon eriyan nan da ke faɗowa. Tun ranar na sa wa raina sai na shiga. PS3 mutum 24 kawai take ɗauka a fili amma ko su ɗin ban samu ba, a watan Nuwamba 2024 aka rufe saba, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa a kan layi, ta Battlefield 3 da 4 na PS3 da Xbox 360, ban ga laifin masu shi ba, shekara 13 suna riƙe da ta Battlefield 3 a buɗe, mu ne ba mu da hanyar zuwa. An buɗe ƙofa an rufe ina zaune a Sabon Gari ina kallon sandunan sigina.

Benen nan na Shanghai da ke rushewa a Battlefield 4 na 2013 a YouTube na gan shi. Dawakai da jirgin ƙasa mai sulke na Battlefield 1 na 2016, wanda ya koma yaƙin duniya na ɗaya, su ma haka. Da suka kai mutum 128 a 2042 ɗin nan na 2021 ban ma sa rai ba don shi ko labarin bi kai kaɗai ba shi da shi.

Akwai guda ɗaya da ba zan manta ba. A Battlefield V na 2018 akwai wani babi sunansa Tirailleur, labarin baƙaƙen sojojin da Faransa ta kwasa suka sauka kudancin ƙasarta a watan Agusta 1944 suka yi mata yaƙi, daga baya aka ture su gefe kamar ba su yi ba. Sunan Senegal aka liƙa musu amma kowa ya sani daga ko'ina cikin ƙasashen renon Faransa na yammacin Afirka aka ɗebo su har da namu, kuma garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926, tsofaffinmu sun san 'yan ansiyan kwambata da lambobinsu a ƙirji. Ina cikin bugawa a PS4 ɗin aro baba ya shigo zai yi mini faɗa kan ɓata lokaci, sai ya ga fuskokin, ya ja tabarma ya zauna bai ce uffan ba har na kai ƙarshe, sannan ya ce "ɗan nan, ashe Turawa sun san sun yi wannan". Wannan babin na samu na buga ne kawai don ba ya neman intanet. Kakanninmu suna cikin wasan, jikokinsu sun kasa shiga.

Da Battlefield 6 ya fito ranar 10 ga Oktoba 2025, suka dawo da mutum 64 da rabon aikin nan huɗu da aka saba, na ce wannan karon ko za a mutu sai na yi. Na yi adashe, na sai da tsohuwar kwamfutata, na aika Kano aka kawo mini PS5 na hannu, na biya kuɗin shiga layi na wata-wata, na sayi na'urar daidaita kuran don kada wuta ta ƙona mini shi. Duk wanda ya kamata in biya na biya shi.

Kuma dalilin ba ni kaɗai ba ne. Ƙanena yana Tarabulus yana aikin walda, shekara uku ban sa shi a ido ba, in mun yi waya gaisuwa ce da ya jikin inna da yaushe za ka aiko, minti biyar magana ta ƙare. Amma a cikin wasan mu huɗu ne ƙungiya ɗaya, ni da shi da abokinmu na Kano da wani ɗan unguwarmu da ke karatu a Liyon, muna hira da Hausa kamar muna fada ana zuba shayi. Jiya muka sa lokaci ƙarfe 10 na dare. Filin Alƙahira aka jefa mu, muna riƙe da wata tuta a cikin lungu, aka harbe shi ya faɗi, na ji muryarsa a kunnena "yaya zo ka ɗaga ni, yaya ina bayan motar nan", na ruga na kama wuyan rigarsa ina jan shi zuwa bayan bango, don yanzu ana iya jan wanda ya faɗi, sai hoton ya daskare. Hannuna na kan maɓalli, shi yana kwance, komai tsit. Can sai ga rubutu wai an rasa haɗi da saba. Na sake shiga aka sake fitar da ni, na sake aka sake, a karo na huɗu ina cikin jira kuran ya tafi gaba ɗaya.

Mutane ba su gane ba, wasan nan ba yawan mega yake ci ba, tsayuwar layi yake so. Akwai abin da ake ce wa ping, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba ya dawo, da milisakan ake auna shi. Namu sai ya bi waya ya fita ƙasar tunda ba mu da teku, ya kai gaɓa ya bi ƙarƙashin ruwa har Turai sannan ya juyo. Wannan nisan Allah ne ya yi shi, na yarda da shi, ɗan Liyon yana ganin 20 da ɗori ni in na ga 150 godiya nake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yanzu 150 anjima 600 anjima babu, ka riga mutum harbi amma kai ne gawa, ka yi gudu ka shige ɗaki sai ka ga an fizgo ka baya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wannan ba teku ba ne, eriyar unguwa ce aka lafta wa mutanen da suka fi ƙarfinta, kuma da an ɗauke wuta ita ma sai ta bi, ga dukkan alamu ko batir ɗin kirki babu a gindinta.

Mu ba marasa haƙuri ba ne. Da Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta 2023 mun zauna cikin duhu da zafi watanni har Maris 2024, mun san dalili mun daure. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a watan Maris 2024 ɗin ƙasashe da yawa suka rasa intanet, ba mu zagi kowa ba. To yanzu fa? Wace waya ce ta tsinke ranar Talata da Laraba da Alhamis? Garin da ke da matatar mai a bayansa tun 2011, ka kunna gurup, wato janareta, awa biyu ka ji aljihunka ya yi kuka, ka bar shi kuma sabuntawar wasa mai gomman jiga ta tsaya a tsakiya. Intanet na tauraron ɗan adam ya shigo, to mai gyaran salula a ina zai samo kuɗin kwanonsa bayan duk abin da ya riga ya kashe?

Ranar Alhamis na rufe shago na hau kabu-kabu na je ajans ɗinsu. Awa ɗaya da rabi a layi, gabana wata hajiya ce mai sai da atamfa ta WhatsApp tana cewa hotunan kayanta kwana biyu sun ƙi tafiya kiliyan sun gudu, bayana wani ɗalibin jami'a da ya kasa tura takardunsa har lokaci ya wuce. Ka ga ba zancen wasa ba ne kawai, cuta ɗaya ce ke cin mu duka. Da na isa gaban saurayin bai ko ɗago kai ba, "malam ka kashe ka kunna". Na ce na kashe na kunna ya fi sau talatin. "To ka canza masa wuri, ka sa shi kusa da taga." Na ce har kan soro na hau da shi. Sai ya ce matsalar daga sama ce ana kan aiki a yi haƙuri. Na ce to kwanakin da suka wuce za ku mayar mini? Ya ce wannan ba ya cikin tsari. Karɓar kuɗi na cikin tsari, mayarwa ce ba ta ciki! In na karɓi salular mutum na ce na gyara ya je gida ta ƙi kamawa, gobe da safe yana bakin shagona kuma dole in gyara ko in ba shi kuɗinsa, in ba haka ba sunana ya ɓaci a kasuwa. Me ya sa su ba haka ba?

Ba alfarma nake roƙo ba. Ku gaya wa mutum gaskiya kafin ya biya cewa unguwarku da dare layin ba ya ɗauka, ku aiko saƙo in za a yi aiki kamar yadda kuke damun mu da saƙon talla sau goma a yini, ranar da babu rezo ku ƙara ta a kan watan, ku sa wa eriyoyinku sola tunda rana dai ba mu rasa ta ba a Damagaram.

Da asuba da kuran ya dawo na caja salula, saƙon ƙanena ne ya fara shigowa: "yaya mun jira ka har ƙarfe ɗaya, mun bar maka gurbinka ba mu sa kowa ba." Na sami littafi tun Laraba ina rubuta kowace awa da layin ya yanke, shafi uku ya cika, jibi Litinin zan koma ajans ɗin da shi da rasit ɗina, kuma wannan karon shugaban wurin nake son gani.