Kafin ku ce kwamfutar ce ba ta da ƙarfi

Satin da ya wuce wata ƙanwata mai karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ta kawo mini kwamfutarta, idonta ja wur. Kwana uku tana ƙoƙarin buɗe bayanan NDHS na 2018, wato binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya, a manhajar nazarin alƙaluma ta R, kullum sai ta ga jan rubutu ya fito: "cannot allocate vector of size", wato wurin ɗaukar bayanan bai isa ba. Har ta fara maganar sayar da ɗankunnenta ta sayi sabuwa. Na ce mata, "Ƙanwata, dakata tukuna, miƙo nan in gani."

Da na duba, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, giga 8 ne, amma Windows ɗin da mai gyara ya saka mata na 32-bit ne. Irin wannan Windows ɗin ba ya iya amfani da abin da ya wuce giga 4, kuma a cikin wannan ɗin ma kowace manhaja giga 2 kawai yake ba ta a tsarinsa na asali. Wato ta biya kuɗin ɗaki babba, an kulle ta a lungu guda. R ɗin nata ma tsoho ne, don tun fitowar 4.2.0 a 2022 aka daina yin R na 32-bit a Windows, aka kuma yi ritaya da umarnin memory.limit() na ɗaga iyakar wurin da R ke amfani da shi, wanda har yau ake ta ba mutane shawarar su rubuta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ana koya wa ɗalibai nazarin alƙaluma iri-iri, amma ba a zama a nuna musu wannan ɗan lissafin: R yana ɗauko bayanan gaba ɗaya ne ya zuba a RAM, kuma yawanci kowace lamba tana cin bayit 8 (giga ɗaya kusan bayit biliyan ɗaya ne). Mata 41,821 aka yi wa tambayoyi a wancan binciken. A ce ginshiƙan fayil ɗin dubu biyar ne, lissafi ya kai kusan giga 1.7 tun ba ka taɓa komai ba. Ka gyara wani abu, R ya yi kwafi, wuri ya cika.

Wani zai ce ai ta bar Windows ta koma Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta, ta huta. Ina amfani da Linux, ina kuma son sa, amma ba ya ƙara maka RAM ko ƙwaya ɗaya. Halinsu ne ya bambanta idan wuri ya ƙare. Windows yakan fara aron wuri daga rumbun ajiya, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa, daga baya ya ce ba zai iya ba. Linux yakan yi wa manhaja alƙawarin wurin da bai da shi, idan tura ta kai bango sai ya kashe ta nan take, aikin awa biyu ya tafi ba sallama. A Mac kuwa saƙon daban ne, R na da wata iyaka tasa da ake ɗagawa da saitin R_MAX_VSIZE.

Manhajojin ma kowace da shingenta. Stata/BE, ƙaramin samfurin manhajar alƙaluma ta Stata, ba ta karɓar ginshiƙai sama da 2,048, ko da RAM ɗinka giga ɗari ne, samfurin Stata/SE kuma ya kai 32,767. Excel na tsayawa a layi 1,048,576. Tsohon tsarinsa mai layi 65,536 shi ya sa a Oktoban 2020 kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona suka ɓace daga rahoton hukumar lafiya a Ingila. Wannan ya fi ba ni tsoro, don babu jan rubutun da ya gargaɗe su.

Na tambayi ƙanwar tawa ginshiƙai nawa take buƙata a aikinta. Ta buɗe littafinta ta ƙirga: shekaru, jiha, ilimi, zuwa awo, wurin haihuwa, da sauransu, goma sha huɗu cif. Muka kwashe fayilolinta a filashi, muka saka Windows na 64-bit da sabon R, sannan na nuna mata yadda za ta ce wa read_dta, umarnin buɗe fayil ɗin Stata a R, ya ɗauko waɗannan goma sha huɗun kaɗai ta hanyar col_select, wato wurin zaɓen ginshiƙai. Kafin shayin da aka kawo mana ya huce, teburinta na farko ya fito, ɗankunnen kuma yana nan a kunnenta.